Dajin da Aka Rubuta da Sunan Sarwono

Gunungkidul, 3 ga Maris, 2004

Zuwa ga ƙanena Sarwono,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka, a can tsibirin Kalimantan. Mu nan sai godiya.

Watan jiya ma'aikatan gandun daji suka zo tudun Baba, su huɗu. Sun wuni suna auna itatuwan jati, masu katakon nan mai tsada, da igiya, na dafa musu rogo da shayi. Babbansu, Pak Wiryo, ya ce duk gundumar babu dajin mutum ɗaya da aka kula da shi kamar wannan, za a ba mai shi lambar yabo a garin Wonosari. Har na ba da ɗinkin sabuwar riga.

Jiya takardar ta iso. Sunanka ne a jiki.

Na ce kuskure ne, na ruga ofishin dagaci ko mayafi ban gyara ba. Magatakarda ya buɗe littafin filaye ya nuna mini da yatsa. Baba ya rubuta maka tudun gaba ɗaya tun 1979, shekara guda kafin rasuwarsa.

Won, ka sani? Ka gaya mini gaskiya.

Ka gaida matarka da yara.
Yayarka, Ngatinem

*

Sansanin masu katako, 24 ga Maris

Yu Nem,

Wa alaikumus salam, Yayata. Na karanta wasiƙarki sau uku ban gane ba. Wane daji? Tudun da na bari farin dutse ne tsirara, ko akuya ba ta hawa. Shekara ashirin da huɗu kina rubuto mini labarin aure da rasuwa, ba ki taɓa cewa kin dasa komai ba.

E, na sani. Baba ya gaya mini. Ban faɗa miki ba don ban ga abin faɗa a tarin duwatsu ba.

Kuma ni za a ba lambar kula da daji? Ni da zarton inji ya cinye mini yatsu biyu? Da na karanta wa abokan aikina, wani har faɗowa ya yi daga benci. Ya ce, "Won, kai da ka aske rabin tsibirin nan!"

Ni ban yi dariya ba, domin akwai abin da ya fi wannan. Bara wani Hartoyo, mai fasa dutse yana ƙona farar ƙasa, ya same ni ta hannun wani ɗan garinmu. Na sa masa hannu a takarda ya fasa tudun. Ya ce zai fara da ɗaukewar ruwan sama. Wallahi, Yu, bai ambaci itace ko ɗaya ba.

Ki yi haƙuri.
Ƙanenki, Sarwono

*

Gunungkidul, 15 ga Afrilu

Sarwono,

Salamu alaikum, don addini ya ce a yi.

Mutanen Hartoyo sun riga wasiƙarka isowa. Na hau da safe na tarar da su suna shafa jan fenti a jikin itatuwa. Na ce, "Da izinin wa?" Wani ya ce, "Inna, matsa, mai wurin ya sa hannu." A gabana, ni da na san ranar da kowane ya tsiro!

Ka ce ban gaya maka ba. Me zan gaya maka? Cewa a kwando na riƙa goyo ƙasa daga kwari ina cusawa a ramukan dutse? Cewa shekara biyar na farko rani yana kashe rabin abin da na dasa? Na ɗauka aikin gida ne, kamar shara. Ba na sarewa sai dole, kuma in na sare ɗaya sai na dasa goma. Lokacin da mijina yake jinyar ajali, itace biyu kacal na sare, ya mutu yana yi mini tsiya wai na fi son jati a kansa.

Idon ruwan da ya ƙafe tun muna yara ya dawo shekara tara da suka wuce. Gida goma sha bakwai ke sha. Su ma ka sa wa Hartoyo hannu a kansu.

Pak Wiryo ya zo ya ga fentin, ya cire hularsa ya zauna a ƙasa. Ya ce doka sunan da ke littafi ta sani. Bikin ba da lambar ranar Laraba ne, 12 ga Mayu. Ka zo ka karɓi abinka.

Ngatinem

*

Wonosari, 9 ga Mayu

Yu Nem,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Kwanana biyu a gidan Kawu Tukiran. Na kasa ƙarasowa ƙofarki, shi ya sa na ba direban motar kasuwa wannan.

Jiya na hau tudun ta baya. Na ɓata. A wurin da aka haife ni, Yu! Inuwa ko'ina, tsuntsaye na kuka. Wata tsohuwa na ɗibar ruwa, ta ce, "Baƙo, in Hartoyo ne ya aiko ka, ka koma." Ban iya ce mata ni ne Won ba. Na tsaya gaban wani babban jati, sai na kama kaina ina duba inda zai faɗi in an sare shi. Abin da idona ya iya ke nan. Na zauna a gindinsa na yi kuka.

Na je wurin Hartoyo. Ya yi dariya, ya ce sa hannu sa hannu ne, ranar Litinin ta bayan bikin motocinsa za su shigo. Na je ofishin filaye, sun ce za a iya mayar da tudun sunanki, amma zai ɗauki watanni, kuma ba zai goge takardar Hartoyo ba.

Ba zan je bikin ba. Ba ni da idon da zan hau dandamali.

Ki yafe mini.
Sarwono

*

Gunungkidul, 10 ga Mayu

Won,

Na amsa gaisuwarka.

Za ka je, kuma za ka hau. Shugaban gunduma zai kasance a wurin, da 'yan jarida, da gidajen nan goma sha bakwai, na gaya musu duka. Idan aka miƙo maka abin magana, ka faɗi da bakinka wa ya dasa, da abin da ka sa wa hannu, da ranar da motocin za su shigo. Mu ga ko za su yi wa daji tafi ranar Laraba su bari a fasa shi ranar Litinin.

Zan tsaya kusa da kai don kada ka gudu. Ban yafe ba tukuna. Amma ka bar gidan Kawu, ka taho gida ka ci abinci.

Allah ya kawo ka lafiya.
Yayarka, Ngatinem