Kafson da Kake Aiko wa Mma

Kumbungu, ranar Talata.

Zuwa ga Yayana Wumbei,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na gini a can Misrata. Allah Ya tsare ka daga faɗuwa da sharrin baƙunta, Ya sa albarka a guminka. Mu nan muna godiya. An gama cire doya, ta yi kyau bana, masara ce dai ba ta cika rumbu ba. Matarka Fuseina tana lafiya, ɗanka Suhuyini ya fara zuwa makaranta, kuma kunnuwanka ya ɗauko duka biyun, Allah Ya ba shi haƙuri. Maigidana Neindoo ya gyara babur ɗinsa. Na zaɓi in rubuto ne in ɗauki hoton takardar in turo maka, domin a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, ni kuma wannan maganar ina so ka ji ta har ƙarshenta.

Yaya, Mma ba ta da lafiya. Tari take yi yau mako biyar. Ta rame, zanen da take ɗaurawa sau ɗaya da rabi yanzu yana zagaye ta sau biyu, tuwo kuwa loma uku take yi ta ture kwanon. Fuseina ta ce da safe tabarmarta a jiƙe take da gumi. Idan ka kira ta tana gyara murya ta ce maka hayaƙin man kaɗanya ne, kai kuma ka yi dariya ka ce ta rage aiki. Ni da nake aikin jinya shekara tara na san hayaƙi ba ya ramar da mutum haka. Babbanmu a asibiti, Mista Azindoo, ya ce lallai a kai majinarta Tamale a auna, domin yana tsoron tarin fuka. Idan shi ne, akwai magani kuma kyauta ne, ana warkewa sarai. Amma ta ce ko a mafarki ba za ta tofa a cikin robar asibitina ba, kuma ni na jawo.

Ga yadda aka yi. Tun bara aka sauya mana tsarin aiki. Da can duk wanda ya zo da mura sai mu cika masa hannu da kafso, ya tafi yana sa mana albarka. Yanzu an nuna mana cewa mura da yawancin tarin sanyi ba sa jin wannan magani ko kaɗan, kuma shansa a banza shi ke sa ranar da ciwon gaske ya zo ya ƙi aiki. Don haka sai mu auna zafin jiki, mu ƙirga numfashi da agogo, mu saurari ƙirji. In ba mu ji komai ba, mu ba da na rage zazzaɓi, mu ce a sha ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami, a dawo bayan kwana uku in abu ya ƙi. Gaskiya ce, na gani da idona, yara suna warkewa haka. Amma mutanen garinka ba su yafe mana ba. A kasuwa sunana ya koma Likitar Ruwan Zafi. Wata mai sayar da wasawasa ta ce min, "Napari, in shayi za ki rubuta min, ai da na tsaya wajen mai shayi, shi har burodi yake haɗawa."

Ana cikin haka Mma ta zo asibiti da mura, ta taho da ƙawayenta uku, tun a hanya tana faɗa musu wai su ne ake hana wa, ita 'yarta ce mai makullin ɗakin magani. Na duba ta kamar yadda nake duba kowa. Ƙirjinta a lokacin fes yake, ko kuwa haka kunnena ya gaya min, don yanzu har kaina nake tuhuma. Na ba ta abin da nake ba kowa. Ta juya ƙwayoyin a tafin hannu, ta dubi ƙawayen, ɗayarsu ta rufe baki da mayafi tana dariya. Mma ta ce, "Na sayar da kaɗanya kwano nawa kafin ki sa wannan farar rigar, ashe karatun dafa ruwa na biya." Ta ajiye min su a kan tebur ta fita. Da na sani da na ja ta ɗaki ni da ita na yi mata bayani a hankali, amma layi ya kai bakin ƙofa, ni kuma ka san bakina, na ce mata a gaban mutane asibiti ba gidan suna ba ne da za a raba wa kowa. Wannan kalmar tana cina har yau.

Daga nan ta koma wa gwangwaninka. Na san kana aiko mata da kafso duk lokacin da wani zai taho gida, amma na ɗauka kwali ɗaya ne ko biyu. Makon jiya Fuseina ta buɗe min na gani, gwangwanin madara babba, cike. Ka san tsarabar ɗa ba a cin ta a ɓoye, sai an raba wa dangi da maƙwabta, to haka Mma take yi da shi. Mai mura biyu, suruki huɗu, in za ta gaida mara lafiya ta ƙulle uku a bakin zane maimakon goro. Kuma da yake rubutun Larabci ne a jikin kwalin, tsofaffin nan sun ɗauka abu ne mai albarka, ba sa ajiye shi a ƙasa, Gwaggo Pagnaa har bisimilla take yi ta shafa a goshi kafin ta ɓare. Na karanta mata ɗaya ɓangaren na ce sunan kamfani ne da ranar lalacewa, ta ce, "Ke da kika yi boko, ina ke ina sanin abin da Larabawa suka sa a ciki?" Ina can ina faɗa da gari duka a kan ƙwaya ɗaya, ashe rijiyar tana ɗakin uwata.

Abin da ya fi tayar min da hankali, cikin waɗanda ka aiko akwai wani iri da Mista Azindoo ya ce yana kwantar da tarin fuka na 'yan kwanaki ba tare da ya kashe shi ba, har ya iya ɓoye shi a wajen awo. Shi Mma take sha, ɗaya yau, ɗaya jibi. Tari ya lafa ta ce ka ga maganin ɗana, ya dawo ta ƙara. Ba na zarginka, Yaya. Na san kana hana cikinka ne ka saya, kuma na san mutumin da ya yi shekara huɗu bai ga uwarsa ba dole ya nemi abin da zai sa mata a hannu. Amma don Allah ka daina. In za ka aiko, aiko da zuma da dabino.

Jiya da hantsi na je na ɗauke gwangwanin. Na shirya wa faɗa, har na so ta zage ni, amma ba ta ɗaga murya ba. Tana zaune tana tsince gyaɗa, ta ce wa Fuseina, ba ni ba, "Na nesa yana aiko min, ta kusa tana kwashewa." Da zan tafi na durƙusa na yi mata sallama, ta amsa min da "Sauka lafiya, Malama Nas," kamar baƙuwar da gwamnati ta turo. Na kai har gindin mangwaron makaranta kafin na iya ganin hanya sosai.

Ga abin da nake roƙo. Ka kira ta ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin tana da sakin fuska. Ka ce kai ne kake so a auna ta, kada ka ambaci sunana. Kada ka kare ni ko da kalma ɗaya, in ta ce ba ni da kunya ka ce haka ne, in ta ce na wulaƙanta ta ka ce za ka yi min faɗa. Neindoo zai ɗauke ta a babur ranar Litinin ya kai ta Tamale kai tsaye, ba sai ta bi ta wajenmu ba. In ta tambaya ko zan je, ka tabbatar mata ba zan je ba. Na yarda ta warke tana fushi da ni.

Fuseina tana gaishe ka, da Gwaggo Pagnaa, da Neindoo da yara. Ka gaida Alhassan ɗan gidan limaminmu in kuna haɗuwa. Allah Ya dawo mana da kai lafiya, Ya sa ka tarar da ita a zaune a ƙofar ɗakinta.

Taka ƙanwa,
Napari