Inna Ta Tafi Dingyadi

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya mutanen Bodinga, ya Baba da ƙafar tasa? Ni da Kawu muna nan garin Badun lafiya. Barci ne kawai ya ƙi, amma zai wuce.

A jarrabawarmu, saura takardar adabin Turanci. Malamarmu takan ce in mutum yana magana a wasan kwaikwayo, mu lura da abin da yake kewayewa. Na ƙware a wannan, Yaya, har ta yaba mini a gaban aji.

Tun kafin azumi, duk na kira na ce a ba Inna, sai ki ce, “Ta tahi Dingyadi.” Inna da ba ta kwana gidan kowa saboda awakinta?

Na san kun ɓoye mini ne don in rubuta jarrabawa hankali kwance. Ban yi fushi ba. Kada ki gaya wa Baba na gane. Zan rubuta, in sha Allah. Ki faɗa mini ranar kawai, da wanda yake ba awakin dusa yanzu.

Allah Ya jiƙan ta.

Ƙaninki,
Shamsuddeen