Ta'aziyyar Uwar da ke Raye

Bayan garin Vlora, Albaniya, 3 ga Satumba

Yaya Nunzia,

Gaisuwa mai yawan ganyen zaitun, da fatan ke da Mama kuna lafiya a Brindisi, can gida Italiya. Ɗan abin da na tara a aikin tashar jiragen ruwa, wanda a gida ba zai kai ni hunturu biyu ba, a nan ya mai da ni attajiri: ɗaki mai kallon teku, kifi, ɓaure, ga Lumturi, tsohuwar da nake haya a gidanta, tana ciyar da ni tamkar ita ta haife ni.

Ruwan da ya raba mu kwana guda ne a jirgi,
Amma a zuci shekara ba ta ƙetare shi.

Ki sumbatar mini hannun Mama.
Ƙanenki, Fulvio

Brindisi, 15 ga Satumba

Fulvio,

Lafiya lau, in wanke tsohuwa safe da yamma shi ne lafiya. Waƙarka na hura murhu da ita. Likita ya ce mantuwar Mama gaba take yi. Jiya ta tambaye ni ko ni ce sabuwar 'yar aiki. Sunanka kaɗai ta riƙe, kai da ka gudu. Ka zo tun tana gane ka, sarkin cin kifi.

Nunzia

Vlora, 28 ga Satumba

Yayata abar girmamawa,

Ina gaishe ki kaina a sunkuye. Lumturi ta tambaye ni, "Ɗana, wa ke kula da mahaifiyarka?" A ƙauyen nan, ɗan da ya bar uwa da rai ya tafi shan iska, ko kare ya fi shi daraja. Sai harshena ya riga hankalina: "Ta rasu watan jiya."

Washegari ƙauyen ya cika falo da baƙaƙen kaya. Suka sha kofi, kowa ya tura kuɗi ƙarƙashin kofinsa, yadda suke yi a gidan makoki. Har Bashkim makiyayi, mai takalmi ɗaure da waya, ya ajiye nasa, ya dafa ni ya ce, "Yi kuka, Ba'italiye, gemu ba ya hana maraici." Lumturi ta rungume ni: "Daga yau ni ce uwarka."

Na yi kukan, Yaya, kuma na gaske ne.

In na taho, dole in tayar da matacciya, in ce Mama tana raye, a gaban mutanen da suka raba abincin bakinsu da ni; kuma a Brindisi ajiyata narkewa za ta yi kamar gishiri a ruwa. Ki ba ni zuwa ƙarshen tsinkar zaitun in nemo bakin magana.

Mai neman gafararki, Fulvio

Brindisi, 9 ga Oktoba

Fulvio,

Gaisuwa. Ka tsinki zaitun ɗinka a hankali. Yau Mama ta kira mai kawo wasiƙa da sunanka, ta riƙe hannunsa ta ce ya rame. Bawan Allah ya amsa, ya zauna ya ci taliyarta. Ya ce gobe ma zai dawo.

Ka huta lafiya.
Nunzia