Kawu Bai Tsoma Yatsa Ba

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya zafin Maiduguri? Mu nan Makera lafiya lau.

Sai dai injin niƙan Kawu Sale ya tsaya. Da wahalar mai ta tsananta, ya sayo man gas a bakin titi a Gonin Gora, ashe an surka shi da kananzir. Bakanike ya ce maiƙon gas ke hana famfon injin cin kansa, kananzir kuwa ba shi da maiƙo. Kwana uku famfon ya lalace.

Ka san Kawu ne ya koya mana murza mai a yatsa mu ji santsinsa. Na tambaye shi me ya hana shi gwadawa. Ya ce, "Ladi, ɗan aminina ne mai sayarwar. Har ƙasa ya gaishe ni, yaya zan tsoma yatsa a gabansa?"

Yanzu kullum sai ya buɗe shago ya goge injin, mata suna wucewa da masararsu.

In za ka rubuto masa, don Allah ban da faɗa. Kunya ce ta ja masa, ba sakaci ba. Ka sa shi a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Ladi