Lambar Yaya Sale

Daren Talata, Birnin Gwari

Duk ɗan da ya buɗe littafin nan ba da izinina ba, ya ji tsoron Allah. In ya riga ya buɗe, to ya karanta ya ji kunya.

Yau 'yata Hafsatu ta haɗa lambar yabon Yaya Sale da tsofaffin murafen tukwane ta ba mai gwangwan, ya ba ta robar wanki. Na bi shi har tasha, aka ce ya wuce.

An ba Yaya lambar ne saboda ya goyo abokinsa soja daga cikin daji, shi kansa Yaya da harsashi a cinyarsa, bai sauke shi ba sai bakin titi. Ita kaɗai ya bar mini da ya rasu.

Na ɗaga hannu zan mari Hafsatu, sai ta ce, "Umma, ina zan san mece ce? Ke kika hana zancen Kawu a gidan nan."

Na sauke hannuna. Na hana ne don kada ƙannenta su yi sha'awar kaki.

Daga gobe, ko ƙusa ba za ta fita daga gidan nan ba sai na gani. Kuma kowace Juma'a bayan la'asar yaran za su zauna in ba su labarin kawunsu, ko da kuka zan yi.