Magidancin da Ke Goge Tabarau

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, matar da har yau in na ji takunta a bakin ƙofa zuciyata ke riga ni miƙewa,

Ina gaishe ki, amma ki sani da fushi nake rubutun nan. Kin tafi taronku na masana kin bar ni da magana a maƙoshi. In na kira ki a waya, na san muryar nan taki za ta sauke ni kafin in kai rabi, shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar laccarki ta zama farfesa, wa ya kai ni murna? Na rufe kantin magani tun hantsi, na sa rigar da kike so, na zauna a layin gaba da jakarki a cinyata, 'yarmu a dama, ƙanwata Auta a hagu. Kina bayanin yadda mace baƙar fata 'yar talakawa ke ɗaukar kaya uku a kai ɗaya in ta shiga siyasa a wannan ƙasa ta fararen fata da muke zaune, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar ni na rubuta. Sai kika zo kan mazan gida, waɗanda kika ce su ke rufe wa mace ƙofa tun kafin jam'iyya ta rufe. Kika kawo misalin wani magidanci mai sayar da magani, wanda ƙanwarsa ta ce za ta tsaya takarar kansila, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce mata: "Ba za su zaɓi mai kalarmu ba, balle mace. Ki rufa wa kanki asiri."

A daidai lokacin, masoyiyata, tabarau na hannuna, ina goge shi da bakin riga.

Rabin zauren ya zubo min ido. Abokan aikinki da suka sha cin abinci a gidanmu suka sunkuyar da kai suna murmushi, Auta ta toshe baki da gyale. Wannan ne sakaya sunan da kuke taƙama da shi a aikinku? Suna kawai kika cire, sauran duk kin bar ni a fili.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san yadda kike aiki. Sau nawa na kai ki hira na jira a mota? Na gan ki gaban matar da ke share ofishin jam'iyya, kina yi mata bayani dalla-dalla, kina neman izininta kafin ki danna rakoda, daga baya ki koma ki karanta mata abin da ta faɗa ko tana da gyara. Ta cancanci haka. To ni fa? Ni a teburin cin abinci kika tsince ni, kika zuba a littafi ba ko sallama.

Na faɗi maganar, ba na musu. Amma kin taɓa tambayata daga ina ta fito? Ina yaro mahaifiyata ta tsaya takarar shugabancin ƙungiyar ma'aikata a wurin aikinsu. Ina tsaye a bayan zaure lokacin da suka riƙa kwaikwayon maganarta, wani ya ce ta koma inda ta fito, aka kwashe da dariya. Ta dawo gida ta ɗora tukunya kamar ba abin da ya faru, kuma ba ta ƙara buɗe baki a taro ba har ta koma ga Allah. Ita na gani a fuskar Auta ranar da ta ce za ta tsaya. Kayan ukun da kike lacca a kansu, na ga wuyan da ya ɗauke su, kuma labarin yana kwance kusa da ke shekara da shekaru ba ki tambaya ba.

A hanyar gida daga laccarki 'yarmu ta ce, "Baba, in ni ce zan tsaya, haka za ka ce min?" Tun ranar ba ta sake kawo min aikin makaranta in duba mata ba. Ƙarshen wata littafinki zai tafi wurin masu bugawa, kuma wannan uban za ta riƙa karantawa har ta tsufa.

Ba cewa nake ki cire ni ba, ruwan zumata. Ki dawo, ki ajiye rakodarki a kan teburin nan, ki nemi izinina kamar kowa, zan ba ki. Ki sa sunana cikakke, ki sa na mahaifiyata, 'yarmu kuma ta zauna ta ji da kunnenta, a nan zan ba ta amsar tambayarta.

Fushina bai huce ba, amma na shayar da furanninki na bakin taga, kuma ni zan zo ɗaukarki.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a rufe min ido,
magidancin nan mai goge tabarau.