Baffa Ya Ƙi Kwance Harami

Sa'alaba, Jidda

Zuwa ga Baffa Na'ibi, a Gumel,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Khadijatu da duk mutanen gida. Na rubuta da hannu na ɗauki hoto, tunda ka ce maganar waya ba ta shiga kunnenka yanzu. Ka yi haƙuri da Hausata, ta 'yan Jidda ce.

Jikin ƙaninka da sauƙi, amma ɓarin dama da ya shanye bai dawo ba. Kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya yi iyakar haƙuri, sai dai direban da ba ya tuƙi ba a sabunta masa iƙama, wato takardar zama. Kafin azumi Baba zai dawo gida gaba ɗaya, halas, shi ke nan.

Abin da ke ci mini rai shi ne umara. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai alhazai Makka, ga shi zai bar ƙasar bai yi sallama da Ka'aba ba. Yana so, Baffa. Na sha kama shi yana kallonta a talabijin yana share ido da hannun hagu.

Ina jin nauyin faɗa, amma dole: fitsari ba ya riƙe masa, sai da famfas. Malamin masallacinmu ya ce lalura ce, ya ɗaura haraminsa a kai ya tafi. Wankan harami ma ya ce sunna ne. Baba ya ce ba ya zuwa ɗakin Allah ba wanka, kuma babu ɗan da ya haifa da zai tuɓe shi ya cuɗa shi. Ko canjin da ƙanena Salim ke yi masa, bango yake kallo, ya yini ba ya kula kowa.

Na rantse ba zai hau jirgi bai yi ɗawafi ba, amma dabara ta ƙare mini. Kai ne babba, ka rubuto masa.

'Yarka,
Amatullah

*

Gumel

Zuwa ga 'yata Amatullah,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Takardarki ta iso, Hausarki kuma ba ta da laifi. Allah ya yi miki albarka.

Ba zan rubuta wa ƙanena Jaji ba. Tun yana yaro, in aka aika masa magana sai ta ƙara masa taurin kai. Na nemi bizar umara. Ki sa Salim ya tare ni a filin jirgi, kada kuma ki gaya wa uban naku. Ki tanadi sabulu marar ƙamshi.

Ki gaida kowa. Wassalam.

Baffanki,
Na'ibi

*

Sa'alaba, Jidda

Gwaggo Khadijatu,

Sallama da gaisuwa. Baffa ya sauka lafiya, amma ki zauna kafin ki karanta sauran.

Kin san mai zuwa umara daga Najeriya tun a jirgi yake ɗaura harami, kafin a wuce miƙati, iyakar da ake yin niyya. To haka Salim ya ɗauko shi, mayafi biyu, kai a buɗe. Na ɗauka zai sha ruwa ya wuce Makka, tafiyar ba nisa. Ina! Ya shigo ya zauna gaban Baba, ya zaro hularsa daga jaka ya ɗora a kan talabijin, ya ce shi ya yi niyya, kuma ba zai kwance ba sai sun yi ɗawafi tare.

Gwaggo, tun da nake ban taɓa ganin Baffa ba hula ko a hoto ba. Ga shi yanzu a falonmu, haƙarƙari duk a waje, tabon aikin da aka yi masa a ciki kowa na gani. Ba wando, ba turare, ba yanke farce. Maƙwabta sai kawo uzuri suke suna shigowa kallo. Wafa' ta saman bene sau uku tana zuwa aron gishiri.

Baba ya hau shi da faɗa da ɗan bakin da ya rage masa, ya ce ya zo ya kunyata shi a unguwa. Mai harami kuwa ba ya jayayya, don haka duk abin da Baba ya faɗa, Baffa sai ya ɗaga kai ya ce Labbaika. Wallahi na gudu kicin na yi dariya, daga baya na yi kuka.

Yanzu tari ya kama shi saboda sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, in an kashe kuma Baba ba ya iya numfashi. Bargo yake rufa, kan dai a buɗe. Ni na jawo wannan, kuma tsoro nake ji, amma ban janye ba.

'Yarki,
Amatullah

*

Jidda

Zuwa ga ƙanwata Khadijatu,

Bayan sallama da fatan alheri, na ga saƙonki. Kin ce in je in sauke umarata ni kaɗai kada in mutu a ƙasar mutane. Na gode da kulawa, amma ba zan je ba.

Ke ba ki da wayo lokacin da Inna ta rasu. Ni nake yi wa Jaji wanka a bakin rijiya, yana ihu yana cizona, har ya girma. Babu abin da ke jikinsa da ban sani ba. Kunyar 'ya'yansa yake ji, kuma yana da gaskiya. Ni ba ɗansa ba ne.

Tarin yana nan, ba zan ɓoye miki ba. Farcena ya yi tsawo, kaina yana ƙaiƙayi, mayafin ya gaji da wanki. Amma jiya da na juya baya na ji yana tambayar Salim ko an ba ni magani. Ki ci gaba da addu'a, ki daina aiko mini da mutane.

Yayanki,
Na'ibi

*

Sa'alaba, Jidda

Gwaggo,

Gaisuwa a gurguje.

Yau da hantsi tari ya turnuƙe Baffa har ya durƙusa. Baba ya daka masa tsawa, ya ce ya tashi ya tafi Makka don girman Allah, shi ya yafe umarar. A karon farko Baffa bai ce Labbaika ba. Ya bari numfashinsa ya dawo, sannan ya ce:

"Jaji, in ka mutu a Gumel wa zai yi maka wanka? Ni ne. To gara in yi maka yanzu, da bakinka, in ruwan ya yi zafi ka faɗa."

Baba ya daɗe yana kallon hular nan ta kan talabijin. Can ya ce wa Salim ya tura shi banɗaki ya fita ya bar shi da Baffa.

Sun jima a ciki. Muna jin ruwa, muna jin Baba yana mita wai Yaya har yanzu bai iya cuɗa a hankali ba. Da aka buɗe ƙofa sai ga shi a kan kekensa cikin farin harami, an ɗaure masa shi tsaf, ba mai cewa akwai wani abu a ƙarƙashi. Mu mutanen Jidda daga gida muke niyya, don haka a nan falo ya yi tasa. Harshen ya karkace, amma Labbaikar ta fita.

Salim yana ƙasa yana ta yalla yalla, wai mu yi sauri. Ni ma na yi niyya. Sai mun dawo.

Amatullah

*

Jidda

Khadijatu,

Assalamu alaikum. Mun yi ɗawafi, mun yi Safa da Marwa. Salim ya tura keken, amma zagayen ƙarshe ni na karɓa. Jaji ya riƙe mini hannu da na hagunsa har muka fito.

An yi mana aski. Na sa hulata.

Ki gyara ɗakin Inna, tare za mu dawo.

Yayanki,
Na'ibi